Idan Talla Ya Sauya Cimar Yaro, Wa Ke Da Alhaki: Iyaye Ko Masu Talla?

Tambaya

Ni magidanci ne a ƙasar Ajingi, ina da 'ya'ya biyar. Ƙananan sun ƙi koko da kunu da safe, sai biskit da alawa da lemon kwalba irin wanda suke gani a wayar yayyensu da jikin shaguna. Ɗaya haƙoransa sun fara cin ƙwaro. Ni ina ganin laifin uwarsu ne da ba ta tsawata musu, ita kuma tana cewa laifin masu talla ne, da ni da nake ba su kuɗin tara. Abin har ya fara kawo saɓani a tsakaninmu. A Shari'a, wa Allah zai tambaya? Kuma irin wannan abinci haramun ne?

Amsa

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Amsar a taƙaice ita ce: alhakin farko yana wuyan iyaye, uba da uwa gaba ɗaya, kowa gwargwadon abin da ke hannunsa. Mai tallan da ya yaudari yaro yana da nasa zunubin, hukuma ma tana da nata haƙƙin, amma laifin wani ba ya sauke wa wani nasa nauyin. Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga bayanin daki-daki.

Na farko: hukuncin abincin kansa

Ka sani, ya ɗan'uwa, asalin abin ci halal ne matuƙar babu haramtaccen abu a cikinsa. Ba a haramta abu don yana da zaƙi, domin ya tabbata a Sahihul Bukhari daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Annabi (SAW) ya kasance yana son kayan zaƙi da zuma. Saboda haka kada ka ce wa yaro biskit haramun ne don ka tsorata shi. Haramtawa da halattawa haƙƙin Allah ne.

Sai dai Allah ya haɗa halal da kyawun abu wuri ɗaya a Suratul Baƙara aya ta 168, kuma a Suratul A'araf aya ta 31 ya ba da izinin ci da sha sannan ya hana wuce iyaka. Akwai kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. A kan haka, hukuncin yana bin hali. Ɗan kaɗan jefi-jefi halal ne. Mayar da shi abincin yau da kullum har ya ture abinci mai gina jiki abin ƙi ne. Idan kuwa likita ya tabbatar yana cutar da wani yaro, kamar mai ciwon sukari, ko kayan ya lalace, ko wa'adinsa ya wuce, to ciyar da shi yaron haramun ne.

Na biyu: me ya sa alhakin ya fara da iyaye?

Domin yaro ba mukallafi ba ne. An ɗauke masa alƙalami har ya balaga, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito. Wanda ba a hisabi da shi, waliyyinsa ake tambaya. Hadisin Abdullahi ɗan Umar a Bukhari da Muslim ya siffanta kowannenmu da makiyayi abin tambaya, ya ambaci namiji a kan iyalinsa, ya ambaci mace a kan gidan mijinta da 'ya'yansa. Ka ga bai bar ɗayanku ba. Makiyayin da ya bari dabbobinsa suka faɗa gonar da aka yi wa feshi, ba zai kare kansa da cewa ganyen ne ya yi kore shar ba.

Ciyarwa tana kan uba, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta nuna. A mazhabarmu ta Malikiyya, uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga yana iya nema, 'ya mace kuma har ta tare a gidan mijinta. Abin da ya wajaba shi ne abincin da zai tsayar da jiki, gwargwadon hali da al'adar gari. Biyan kowane kwaɗayi na yaro bai shiga wajibi ba. Uban da ya hana lemon kwalba ya kawo wake da gyaɗa bai tauye haƙƙi ba. Wanda ya ba da kuɗin alawa kullum alhali babu na cefane, shi ne ya juya al'amarin.

Annabi (SAW) da kansa ya sa ido a kan cin yara. Umar ɗan Abu Salama yana yaro a gidansa, hannunsa na yawo a cikin akushi, sai ya koya masa ambaton sunan Allah, da ci da dama, da cin abin da ke gabansa. Sahabin ya ce haka ya ci gaba da ci har girmansa. Jikansa Hasan kuma ya sa dabinon sadaka a baki, sai ya sa shi ya tofar, duk da ƙanƙantarsa da irin son da yake masa. Imam Gazali a Ihya'u ya bayyana cewa kwaɗayin abinci shi ne hali na farko da ke rinjayar yaro, don haka daga nan tarbiyya ke farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku: shin masu talla sun kuɓuta?

A'a. Talla a kansa halal ne, da shi mai kaya ke sanar da kayansa, kuma mu a nan mun san talla tun kafin rediyo. Sharaɗinsa gaskiya. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa, ya tarar cikin a jiƙe an rufe da busasshe, sai ya barranta daga mai algus. Wanda ya zana lemo da mangwaro a jikin leda alhali abin da ke ciki ruwa ne da sukari da kala, ko ya nuna wa yaro cewa wannan abin sha ne zai sa ya yi ƙarfi ya zo na ɗaya a aji, ya shiga cikin wannan gargaɗi. Haka wanda aka biya don ya yabi abin da shi bai yarda ya bai wa 'ya'yansa ba, ɗan fim ne ko mai mabiya a TikTok.

Laifin ya fi nauyi idan yaro aka nufa, domin ƙaramin yaro ba ya bambance talla da labari, duk abin da ya gani a waya gaskiya ne a wurinsa. Masu kaya sun san yaro ba shi da kuɗi, amma yana da kuka da naci, da su yake buɗe aljihun uba.

Hukumomin duniya ma sun gane haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a 2010 kan taƙaita tallan abinci mai yawan sukari da gishiri da maiƙo ga yara, ta sake fitar da jagora mai tsauri a 2023. Ƙasar Chile tun 2016 ta wajabta baƙar alamar gargaɗi a jikin irin wannan kaya, ta kuma hana sa musu hotunan zanen da ke jan yara. A Najeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari, dokar 2022 ta kafa hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace, NAFDAC kuma ita ke yi wa kayan ci da sha rajista. Wannan aiki ne na hisba da ke wuyan shugabanni, kuma za a tambaye su. Amma babu jami'in da zai tsaya a ƙofar makarantar ɗanka a Toranke ko Kademi ya duba abin da ya saya. Wannan gadin naka ne.

Na huɗu: cutarwar gaskiya ce ko tsoratarwa?

Gaskiya ce. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100. Kwalbar rabin lita ke nan ta kai kusan ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2015 ta ce ya fi dacewa babban mutum ya tsaya a kimanin cokali 6 a yini, balle yaro. Sukarin da ya zauna a baki shi ƙwayoyin cuta ke mayarwa tsami ya cinye haƙori, abin da ka gani a bakin ɗanka.

Babbar matsalarmu a karkarar Kano ta wuce ƙiba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Yaron da ya cika ƙaramin cikinsa da biskit da ruwan zaƙi ya ƙoshi, amma jikinsa bai sami abin gini ba, kuma idan aka kawo tuwo zai ture. Abin takaici, mu ne masu noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi a Gaya da Ajingi. Sau nawa nake ganin magidanci ya kai wake da ƙwan zabi kasuwa, ya dawo wa yara da tsarabar alawa? Ya sayar da mai gina jiki ya sayo mai rushe shi.

Kada mu manta da abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, gab da azumi, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti wasu suka rasu bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin da aka sayar da sunan ɗan tsami. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wannan ya shafi kayan kamfani da na gida duka: ƙanƙarar leda mai kala da ake sayarwa a bakin makaranta ita ma ka san wanda ya haɗa ta.

Na biyar: abin da ya kamata ku yi

Ku fara da daina zargin juna a gaban yara. Yaron da ya ga uba ya hana uwa ta bayar, ko uwa ta hana uba ya sayo, ya gano ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku zauna ku biyu ku yanke magana ɗaya, sannan ku sanar da kakanni cikin ladabi, don sau da yawa ta wajensu alawar ke shigowa.

Kada yaro ya fita da safe da yunwa da kuɗi a hannu, wannan shi ne abokin cinikin mai tireda. A ba shi kunun gyaɗa ko koko da ƙosai, a sa masa dafaffiyar gyaɗa, ko awara, ko ƙuli-ƙuli, ko dabino a jaka, a rage kuɗin tara. Uwa ta riƙa sauya hannu: yau ɗanwake, gobe dambu da zogale, jibi alale. Goruba da magarya da aya da gwaiba suna kashe kwaɗayin zaƙi. Zoɓo da kunun aya na gida ma a sassauta musu sukari.

Kai uba, ka zama abin koyi. Ba zai yiwu ka sha lemon kwalba a zaure ka ce yaro ya sha kunu ba. Kuma kada ka kushe girkin gida, domin Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Ku ci tare a kwano ɗaya gwargwadon iko, a nan yaro ke koyon bisimilla da ƙana'a. Littafin Risala da muke karantawa a zaure yana da babi guda a kan ladubban ci da sha, a karanta wa yara shi.

Kada ku mayar da alawa ladan kowane abin kirki, kada kuma ku yi alkawarin ƙarya don a yi shiru. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata sahabiya ta kira ɗanta da cewa za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Ku ware rana, kamar Juma'a ko ranar kasuwa, ku saya musu ɗan abin marmari da kanku, bayan kun duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

Yaron da ya fara wayo, ku koya masa gane talla. Idan kun gani tare, ka tambaye shi: wa ya biya kuɗi aka yi wannan, me yake so daga gare mu? Sannan a taƙaita ba ƙananan yara waya. Ka kuma kai mai ciwon haƙorin asibiti tun bai kai ga cirewa ba, a saba musu da asuwaki safe da dare.

Idan kai mai shago ne a kusa da makaranta, ko uwa mai ɗora talla, ka ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane. Abin da ba za ka bai wa naka ba, kada ka sayar wa na wani.

Daga ƙarshe, ku yi haƙuri. Yaro zai yi kuka na 'yan kwanaki sannan ya saba. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa sannan yaro ya saya a ɓoye, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ciyar da mu da su halal mai albarka, ya daidaita tsakaninka da iyalinka.

Wallahu a'alam.