Jarrabawa ko Shaidar Mutane: Yadda Baƙo Ke Zama Ɗan Gari

Likita ko injiniya daga Kaduna da ke neman izinin zaman dindindin a Birtaniya a yau, dole ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 24 cikin minti 45, kuma ya ci aƙalla 18. Daga littafi guda na hukuma ake ciro tambayoyin: sarakuna, yaƙe-yaƙe, tsarin majalisa da bukukuwan ƙasa. An soma jarrabawar a 2005 ga masu neman zama 'yan ƙasa, aka haɗa da masu neman zaman dindindin a 2007. Jamus ta kawo tata a 2008: tambayoyi 33, a ci 17. Amurka ta daɗe tana da jerin tambayoyi 100 waɗanda jami'i ke zaɓar 10 ya yi da baki, a ci 6. A 2025 aka mayar da jerin 128, ana yin har 20, a ci 12. Shirin duka iri ɗaya ne da wanda kowane almajiri ya sani, wato hadda da tilawa.

Asalin irin wannan gwaji bai yi kyau ba. A 1897 Turawan Natal, a Afirka ta Kudu, suka sa sharaɗin iya rubutu da harshen Turai domin tare Indiyawa. Ostireliya ta kwaikwaye su a 1901 da shiftar kalmomi 50 cikin duk harshen Turai da jami'i ya ga dama. A 1934, da hukuma ta so hana marubuci Egon Kisch shiga, mutumin da ke jin harsunan Turai da dama, sai aka yi masa shifta da harshen Gelik na tsaunukan Sikotland. Sai 1958 aka soke dokar. A Afirka ta Yamma kuwa, wata dokar Faransa ta 1912 ta sa iya Faransanci cikin sharuɗɗan fita daga matsayin talakan mulkin mallaka zuwa ɗan ƙasa. 'Yan ƙalilan suka haye, har dokar Lamine Guèye ta 1946 ta ba mutanen yankunan, ciki har da Hausawan Damagaram da Maraɗi, matsayin 'yan ƙasa ba tare da gwaji ba.

Ƙasar Hausa ta bi wata hanya dabam, kuma Birnin Gwari misali ne mai kyau. Garin yana kan hanyar fatake da ke tashi daga Kano su bi ta Zariya su nufi yamma, su ƙetare Kwara zuwa Gwanja sayen goro. Ta nan Hugh Clapperton ya ratsa a 1826 kan hanyarsa ta zuwa Kano. Garin da ke kan hanya ba ya rabuwa da baƙi, don haka dole ya san yadda zai tantance su. Ayari yana da madugu, baƙo yana da mai masauki, kuma mai masauki ne ke tsaya masa a kasuwa da gaban sarki. Wanda ya so zama, sai a kai shi ga mai unguwa ko dagaci a ba shi fili da gona. Ba a tambayar sa sunayen sarakunan da suka shuɗe. Ana duba biyan bashinsa, da zuwansa jana'iza da gayya, da gidan da ya ba shi aure. Sunan garin kansa shaida ne: na Gwari ne, amma Kamuku da Hausawa da Fulani sun zauna a ƙasar, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da fada.

Wannan tsari na shaidar mutane ya shiga dokar Nijeriya. Sashe na 27 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai tanadi rubutacciyar jarrabawa ba. Abin da yake nema shi ne zaman shekara 15, da kyawun hali, da niyyar zama a ƙasar, da rantsuwar biyayya, sannan gwamnan jihar ya gamsu cewa al'ummar da mutumin zai zauna cikinta ta karɓe shi, kuma ya saje da rayuwar mutanen wurin. Wato dai mai masaukin dā ne ya koma gwamna.

Sai dai akwai wata ƙofa a cikin gida wadda zama ba ya buɗe ta. Kundin 1979 ya kawo ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, na 1999 ya riƙe ta, kuma ya fassara ɗan jiha da wanda iyayensa ko kakanninsa suka fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Daga nan takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin gurbin karatu, tallafin karatu da aikin gwamnati. Tambayarta ɗaya ce: ɗan gidan wa? Ba a yi mata shiri, ba a maimaita ta. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Takardar ta sa jikan baƙo ma ya zauna a matsayin raɓa.

Haɗarin dogaro da asali ya fito fili a Janairun 1980, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa, ya dawo. Amma idan ɗan majalisa zai wayi gari baƙo a ƙasarsa, ina ga manomi ko makiyayi?

A Birnin Gwari wannan tambaya ta daina zama ta littafi. Shekarun ta'addancin 'yan bindiga a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana sun tashi ƙauyuka da dama, haƙar zinariya kuma ta jawo baƙi daga nesa. Shaidar mutane tana aiki ne inda mutane ke zaune wuri guda suna ganin juna. Idan dagaci da kansa yana gudun hijira, wa zai tsaya wa wa? A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya karɓi waɗanda suka ce sun ajiye makami, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru a rufe. Sulhun ya dawo da tsohuwar matsalar mai masauki: wa za a karɓa, kuma wa zai lamunce shi?

Jarrabawar Turai tana da aibi bayyananne. Mutum zai iya haddace littafin bai san sunan maƙwabcinsa ba, kuma tarihi ya nuna mai tambaya yana iya mayar da ita makami. Amma tana da abu guda: sharuɗɗanta a rubuce suke, kuma tana ƙarewa. Wanda ya ci, ya ci. Tsarin mai masauki ya fi ta sanin halin mutum, shi ma kuma a dā yana ƙarewa, domin ɗan baƙo yakan tashi ɗan gari. Takardar asali ce ta ɗauki shaidar mutane ta jefar da wannan ƙarshen. Duk gyaran da za a yi wa dokar zama ɗan jiha, daga nan ya kamata ya fara: a faɗi shekarun da zama zai kai kafin ya zama asali.