Abin da yara ke koyo a ajin fiyano na masu farawa a birnin Bowie

Bowie, wanda ake furta sunansa "Buwi", birni ne a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Washington. Ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa sun ɗan haura 58,000, kuma a nan ne Jami'ar Bowie State take, wadda aka kafa a 1865, mafi daɗewa cikin jami'o'in baƙaƙen fata na jihar. Gundumar na cikin wuraren da 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma suka fi zama a Amurka. Iyaye a irin wannan gari kan ci karo da tallan ajin fiyano na yara masu farawa, inda ake koyar da su a rukuni, a kuɗin da bai kai na malami ɗaya da ɗalibi ɗaya ba. Tambayar da ke biyo baya ita ce: me yaro zai fito da shi?

Bahaushe ba baƙon fiyano ba ne. Tun shekarun 1990 fiyanon lantarki, musamman ƙirar Yamaha, ya zama ginshiƙin kiɗan finafinan Hausa a Kano, kuma akasarin masu kaɗa shi da kunne suka koya, ta zama kusa da wanda ya iya. Ajin da ake magana a kai ya bambanta da wannan ta fuska ɗaya babba: yana koya wa yaro ya karanta kiɗa a rubuce.

Makonnin farko

Ajin kan ƙunshi yara kaɗan, sau da yawa huɗu zuwa takwas, masu shekara biyar zuwa tara, kowa da fiyanon lantarki a gabansa da na'urar sauraro a kunne. Darasi kan ɗauki minti 30 zuwa awa guda, sau ɗaya a mako.

Abu na farko shi ne sanin hanya a kan madannai. Cikakken fiyano na da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma ga sabon shiga duk kamarsu ɗaya. Malami kan nuna cewa baƙaƙen sun jeru biyu, uku, biyu, uku, har ƙarshe. Wanda ya gane wannan ya samu alamar hanya: farin da ke hagu da kowane baƙaƙe biyu sunansa C. Haruffa bakwai ne kawai, daga A zuwa G, suke ta maimaituwa. Zuwa dama sauti na siriri, zuwa hagu yana kauri.

Da yawa cikin littattafan koyarwa na Amurka a kan baƙaƙen madannai suke fara ɗora hannun yaro, salon da ake dangantawa da malama Frances Clark tun shekarun 1950. Akwai abin sha'awa a nan ga ɗan Afirka: baƙaƙen madannan nan sautuka biyar suke bayarwa, irin ma'aunin da ake yawan samu a kiɗan gargajiya na Afirka ta Yamma. Yaron da ya tashi yana jin goge ko garaya a gida zai iya jin cewa ya san wannan amo.

Sai hannu. Ana ba yatsu lamba daga 1 zuwa 5, babban yatsa shi ne 1 a kowane hannu. Ana koyar da zama a miƙe, kafaɗa a sake, yatsu a lanƙwashe kamar an riƙe lemo. Wannan sashe ba ya burge iyaye, amma malamai sun fi tsoron sa, domin hannun da ya saba da mummunan riƙo yana da wuyar gyara.

Bugu kafin rubutu

Inda ajin rukuni ya fi ƙarfi shi ne kiyaye bugu. Kafin a taɓa fiyano, yara kan tafa, su taka, su ƙirga ɗaya zuwa huɗu da murya. Suna koyon cewa alama mai baƙin kai da sanda bugu ɗaya ce, mai farin kai da sanda bugu biyu, mai farin kai marar sanda kuwa bugu huɗu. Shiru ma yana da alamarsa da tsawonsa, kuma riƙe shi daidai yakan fi wa yaro wuya fiye da danna madanni.

Ɗalibin da ke koyo shi kaɗai yana iya tsayawa duk inda ya yi kuskure, ya koma baya, malami ya jira shi. A rukuni babu wannan sararin. Idan an cire na'urar kunne aka ce kowa ya kaɗa tare, wanda ya yi tuntuɓe dole ya saurari 'yan'uwansa ya gano inda suke, ya sake shiga. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan amshi a bayan mawaƙi ya san darajar wannan. Shi ne abin da ba a samu cikin sauƙi a darasin mutum ɗaya.

Karatun rubutu na zuwa a hankali. Ana rubuta kiɗan fiyano a kan layuka biyar-biyar hawa biyu, na sama galibi na hannun dama, na ƙasa na hagu, C ta tsakiya tana zaune a tsakaninsu. Tushen wannan tsari na komawa ga Guido na Arezzo, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11, wanda kuma daga gare shi ne sunayen da suka zama do-re-mi suka samo asali. Yara kan fara da gane ko sauti ya hau ko ya sauka, ko ya taka mataki ɗaya ko ya yi tsallake. Ana ƙara musu kalmomin Italiyanci kaɗan: forte na nufin da ƙarfi, piano a hankali. Sunan kayan kiɗan kansa daga nan ya fito, domin abin da Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Florence wajen 1700 ya yi fice ne da iya yin sauti mai taushi da mai ƙarfi.

Bayan wata uku ko huɗu, yaro mai maimaita darasi a gida kan iya kaɗa gajerun waƙoƙi da yatsu biyar, hannu ɗaya na karɓa daga ɗaya. Haɗa hannu biyu suna abu daban-daban yakan zo daga baya.

Koyarwa a rukuni ba sabon abu ba ne. Johann Bernhard Logier, Bajamushe mazaunin Dublin, ya fara ta wajen 1815, ya sha suka daga makaɗan zamaninsa. Fiyanon lantarki da na'urar kunne, waɗanda suka shigo a shekarun 1950, su suka magance babbar matsalarta, wato hayaniya.

Shin yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa?

A nan ne talla ke wuce gona da iri. A 2004 masanin halayyar ɗan Adam Glenn Schellenberg ya wallafa bincike kan yara 144 'yan shekara shida a Toronto, inda waɗanda suka yi darasin fiyano ko na rera waƙa suka ɗara sauran da kimanin maki uku a gwajin basira. Amma a 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet sun tattara bincike fiye da 50, suka ce idan aka tsaurara ƙa'ida, tasirin koyon kiɗa a kan basira ko darussan makaranta kusan babu shi.

Akwai wani sakamako da ya fi kusa da Bahaushe. A 2018 masu bincike daga jami'ar MIT da abokan aikinsu a Beijing sun bibiyi yara 74 masu shekara huɗu zuwa biyar. Waɗanda suka yi wata shida suna koyon fiyano ba su fi kowa ba a gwajin basira, amma sun fi iya bambance kalmomi masu kama da juna a ji. Yaran masu magana da Mandarin ne, harshen da hawa da saukar murya ke sauya ma'ana a cikinsa, kamar yadda karin sauti ke raba fari na launi da fari na rashin ruwa a Hausa.

Inda rukuni ke gazawa

Malami ɗaya ba zai iya sa ido a kan yatsu sittin a lokaci guda ba. Yaro mai saurin ɗauka yakan gaji da jira, mai nawa kuma yakan ɓuya cikin amon sauran har a yi makonni ba a gane bai fahimta ba. Shi ya sa da yawa cikin malamai ke ɗaukar rukuni a matsayin matakin shekara ɗaya ko biyu, daga nan mai sha'awa ya koma darasin shi kaɗai.

Sauran nauyin yana gida. Awa guda a mako ba ta isa hannu ya saba. Malamai kan nemi minti 10 zuwa 15 kullum. Ba sai an sayi babban fiyano ba: na lantarki mai madannai 61 yana iya ɗaukar watannin farko, ko da yake mai 88, wanda madannansa ke da nauyi irin na asali, shi zai hana a sake kashe kuɗi idan yaron ya ɗore.