Yadda ake daidaita faɗin layukan tsaye na jadawali

Mine ne jadawali?

Jadawali zane ne mai layukan kwance da layukan tsaye, wanda ake shirya bayani a cikinsa. Kowane layin kwance na mutum ɗaya ne ko na rana ɗaya. Kowane layin tsaye kuma yana ɗauke da abu iri ɗaya daga sama har ƙasa: suna, ko rana, ko kuɗi. Inda layukan biyu suka haɗu shi ne gida. Idan ku ne magatakardan bankin cimaka ko na asusun mata, da jadawali kuke aiki kullum.

Domin mi ake kula da faɗi?

Idan layin tsaye ya yi ƙunci, rubutu yana karyewa. Kuɗi 125 000 suna iya rabuwa biyu: 125 a sama, 000 a ƙasa. Mai karantawa sai ya ga kamar 125 ne kawai. Irin wannan yakan jawo gardama ranar taro, har a zargi ma'aji da cin amana alhali bai ci ba. Idan kuma wani layi ya yi faɗi fiye da kima, sauran sun takura, ko jadawalin ya wuce bakin takarda, injin bugawa ya yanke shi.

Ku fara da auna takarda

Takardar da aka saba bugawa da ita ana kiranta A4. Faɗinta santimeta 21, tsawonta santimeta 29,7. Idan kun bar fili na santimeta 2,5 a dama da hagu, santimeta 16 ne suka rage muku. Su za ku raba wa dukkan layukan tsaye. Idan layukan suna da yawa, ku kwantar da takardar: sai ku sami santimeta 24,7.

Ku raba faɗin bisa ga abin da za a rubuta

Kada ku ba kowane layi faɗi daidai da ɗan'uwansa. Ku duba abu mafi tsawo da zai shiga cikin layin, ku auna da shi. Ga misalin jadawalin sayar da hatsi:

Lamba: santimeta 1
Rana: santimeta 2,5
Sunan mai saye: santimeta 5
Yawan tiya: santimeta 2
Kuɗi: santimeta 2,5
Sa hannu ko dangwale: santimeta 3

Ku haɗa su: 1 + 2,5 + 5 + 2 + 2,5 + 3 = 16. Lissafi ya cika, babu abin da ya fita daga takarda. Ku yi wannan rabon da fensir da rula kafin ku je wajen kwamfuta. Layin suna ya fi kowanne faɗi, domin ana rubuta sunan mutum da na mahaifinsa. Layin dangwale kuma yana buƙatar tsayi, don yatsa ya sami wuri.

Yadda ake yi a kwamfuta

A Nijar yawancin kwamfutoci da Faransanci suke aiki, saboda haka ga sunayen kamar yadda za ku gan su a cikin Word.

1. Ku ɗora alama a cikin layin da kuke so, ku danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta.
2. Ku zaɓi « Propriétés du tableau », sannan « Colonne ».
3. Ku sa alama a « Largeur préférée », ku rubuta yawan santimeta.
4. Ku wuce zuwa layi na gaba, ku yi haka har ku gama.
5. A ƙarƙashin « Ajustement automatique », ku zaɓi « Largeur de colonne fixe ».

Mataki na biyar yana da muhimmanci ƙwarai. Idan ba ku yi shi ba, kwamfuta tana iya sake faɗin da kanta a duk lokacin da kuka shigar da doguwar kalma. A LibreOffice Writer, wanda kyauta ne, aikin kusan iri ɗaya ne: « Propriétés du tableau », sannan « Colonnes ».

Abubuwan da ya kamata ku kiyaye

Ku jera lambobi zuwa dama, domin ɗaiɗai su zauna ƙarƙashin ɗaiɗai, gomomi ƙarƙashin gomomi. Haka tarawa take sauƙi. Sunaye kuwa a jera su zuwa hagu.

Don kada lamba ta rabu biyu, ku danna Ctrl, Maj da Espace tare a tsakanin 125 da 000. Wannan tazarar ba ta karyewa.

Idan wuri bai isa ba, kada ku ƙanƙanta haruffa har su gagari sabon mai karatu. Gara ku taƙaita kan layin, ku rubuta « Kuɗi » a maimakon « Kuɗin da aka biya », ko ku kwantar da takardar.

A Excel, idan kun ga ##### a cikin gida, lambar ba ta ɓace ba. Layin ne ya yi mata kaɗan. Ku faɗaɗa shi, za ta fito.

Kafin ku buga da yawa, ku buga shafi ɗaya. Ku ba wani ɗan ƙungiya ya cika layi biyu da biro, da sunan da ya fi tsawo a cikinku da kuɗin da suka fi yawa. Idan sun shiga ba tare da matsi ba, sai ku buga sauran.