Nazari a Kan Sarrafa Danshi da Warin Funfuna a Gidajen Kudu Maso Gabashin Amurka

Tsakure

Wannan maƙala tana bincika sababin warin funfuna a gidajen jihohin kudu maso gabashin Amurka, da iyakar abin da na'urar tsane danshi mai ɗaukar gida baki ɗaya za ta iya magancewa. An dogara ga rahotannin hukumomin lafiya da lissafin ruwan da iska ke ɗauka. Abin da ya bayyana shi ne, na'urar tana da iko a kan ruwan da ke cikin iska, amma hukuncinta bai kai ga ruwan da ke ratsa bango ba.

Muƙaddima

Tun a shekarar 1902, sa'ad da injiniya Willis Carrier ya ƙago na'urar iyakwandishan domin wata maɗaba'a a Brooklyn, inda laima ke kumbura takarda har launuka su ƙi hawa daidai, maƙasudin farko shi ne rage danshi, sanyaya ɗaki kuwa daga baya ya zama abin nema. Bayan rikicin man fetur na 1973, magina a Amurka suka dage wajen toshe kafofin gidaje domin tsimin makamashi, sai ya zamana a jihohi irin su Florida da Louisiana, inda iska take jiƙe mafi yawan shekara, tururin wanka da na girki da numfashin mazauna suna taruwa ba su da mafita.

Sababin Wari da Illarsa

Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa warin nan alama ce ta rayuwar funfuna, domin yayin da take cin katako da takarda da ƙura, tana fitar da sinadarai masu tashi cikin iska, waɗanda hanci ke riska tun ido bai ga tabo ba. Saboda haka turare ko feshin ƙamshi ba ya kawar da illa, sai dai ya lulluɓe shaidarta. Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka a 2004, da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009, duk sun tabbatar da alaƙa tsakanin zama a gida mai laima da tari da shessheƙa da tsanantar ciwon asma. Masu bincike Mudarri da Fisk kuwa sun ƙiyasta a 2007 cewa kimanin kashi 21 cikin ɗari na masu asma a Amurka ana iya jingina ciwonsu ga danshi da funfuna. Ita kuwa Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar tana ba da shawarar a riƙe mizanin danshi ƙasa da kashi 60, mafi kyau tsakanin 30 da 50.

Yadda Na'urar ke Aiki

Mai tambaya zai ce, ina amfanin wata na'ura alhali akwai iyakwandishan? Jawabi shi ne, iyakwandishan umarnin zafi take bi, da zarar ɗaki ya yi sanyi sai ta tsaya ko da iska tana jiƙe, musamman idan ta fi ƙarfin gidan, ko kuwa a lokacin da gari ba zafi amma akwai laima. Na'urar tsane danshi kuwa ma'aunin danshi ne limaminta. Ana haɗa ta da bututun iskar gida, tana jawo iska ta bi da ita kan bututu masu sanyi, tururi ya koma ruwa kamar yadda kofin ruwan ƙanƙara ke gumi a bayansa, ruwan ya bi magudana ya fita, sannan iskar ta ratsa bututu masu ɗumi ta koma ɗakuna a bushe.

Lissafi

Alal misali, a ɗauki gida mai kubik mita 400 a zafin digiri 25 na Salshiyas, inda kowace kubik mita ke iya ɗaukar kimanin giram 23 na tururi. Sauko da mizani daga kashi 75 zuwa 50 yana nufin cire wajen lita 2.3 kaɗai. Amma idan rabin iskar gidan na sauyawa da ta waje a kowace sa'a, ta wajen kuma tana ɗauke da giram 20 a kowace kubik mita, to kubik mita 4,800 ke shiga a yini da dare, ruwan da ya wajaba a tsane ya kai kusan lita 41. Wannan ya yi daidai da ƙarfin irin waɗannan na'urori, da yawansu tsakanin lita 33 da 61 a rana, ya kuma nuna cewa nauyin aikin daga kafofin gida yake zuwa, don haka toshe su yana rage kuɗin lantarki, muddin ana fitar da tururin cikin gida zuwa waje.

Iyakar Ikonta

Duk da haka, akwai mas'alolin da suka fi ƙarfinta. Idan rufi na yoyo, ko famfo ya fashe a cikin bango, ko ruwan ƙasa na hawa ta harsashi, funfuna tana shan ruwanta daga can ko da iska ta bushe. Kuma wadda ta riga ta kama, bushewa ba ta kawar da ita, sai an kankare ko an cire abin da ta ci. Abin da ya jiƙe wajibi ne a busar da shi cikin sa'o'i 24 zuwa 48, kamar yadda ambaliyar New Orleans ta 2005 ta nuna, inda gidajen da suka daɗe cikin ruwa suka cika da funfuna.

Kammalawa

Bilhasali, tartibin da wannan nazari ya fifita shi ne: a fara da gyaran yoyo da magudana, a fitar da tururin banɗaki da kicin zuwa waje, a toshe kafofi, a auna danshi na tsawon kwanaki, sannan in mizani ya ƙi sauka ƙasa da kashi 60, a girka na'ura gwargwadon lissafin gidan.