Yadda ake ba da maki da karrama ɗalibai a makarantun Mishan masu zaman kansu

Duk lokacin da aka raba takardun sakamako, wato bultan, mukan samu tambayoyi daga uwayen yara, musamman waɗanda ɗiyansu ke karatu a makarantun Kirista masu zaman kansu, waɗanda jama'a suka fi sani da lakwal ta Mishan. Wani ya ce ɗansa ya samu 11 amma diraktan ya kira shi ya ja masa kunne. Wata ta ce ɗiyarta ta zo ta uku a aji amma ba a kira sunanta ranar rabon kyauta ba. Uwaye na biyan kuɗin lakwal da gumin goshinsu, saboda haka ya kamata a ce suna iya karanta takardar da ake miƙo masu. Ga bayanin yadda abin yake tafiya.

Su wane ne waɗannan makarantu

Iri biyu ne manya. Akwai na cocin Katolika, waɗanda ke ƙarƙashin yankin cocin Yamai da na Maraɗi. Shi na Maraɗin a 2001 aka kafa shi, kuma ya haɗa har da Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Cikin sanannun makarantunsu akwai kwalejin Mariama a Yamai, wadda ta fara a matsayin makarantar ƴan mata a farkon shekarun 1960, da kuma Issa Béri ta koyon sana'o'i. Sai na majami'un Furotestan, waɗanda yawancinsu suka samo asali daga aikin ƙungiyar SIM, wadda ta shigo Damagaram a 1924, kuma ita ce ta buɗe asibitin Galmi a 1950.

Abin da baƙo zai yi mamaki shi ne, a makarantun Katolika na ƙasar nan mafi yawan ɗaliban ɗiyan Musulmi ne. Uwaye na kai su ne don tsare lokaci, da ladabtarwa, da kuma rashin yawan yajin aiki. Dokar tsarin ilimi ta ƙasa ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta amince da makarantu masu zaman kansu, da sharaɗin su samu izinin gwamnati, su kuma bi manhajar ƙasa. Kenan ɗan Mishan da ɗan makarantar gwamnati jarrabawa guda suke zama: sartifika a ƙarshen firamare, wadda aka maido a 2024 bayan ta yi kusan shekara goma a ajiye, sai birbe wato BEPC a ƙarshen aji huɗu na kwaleji, sai bak a ƙarshen lise.

Maki bisa 20 da maganar kwafisiyan

A firamare galibi bisa 10 ake lissafi, 5 ita ce rabi. Daga kwaleji zuwa sama kuwa bisa 20 ne, kuma 10 ita ce iyakar da ke raba wanda ya ci da wanda ya faɗi. Makin kowane fanni yana fitowa ne daga wuri biyu: ayyukan cikin aji, wato ƙananan tambayoyin ba-zata da dabuwar da ake yi lokaci-lokaci, sai kuma babbar jarrabawar ƙarshen zango, kompozisiyo. Ana haɗa su a fitar da matsakaicin maki, wanda kowa ke ce wa mwayan.

Inda uwaye da yawa ke ruɗewa shi ne kwafisiyan. Fannoni ba nauyinsu ɗaya ba. Kowane fanni yana da lambar da ake ninka makinsa da ita, daga nan a tara duka, a raba da jimillar lambobin. Bari mu ba da misali da lambobin da muka zaɓa don sauƙin lissafi. A ce yaro ya samu 8 a lissafi mai kwafisiyan 3, ya samu 9 a Faransanci mai 3, sai 15 a tarihi da labarin ƙasa mai 2, sai 17 a motsa jiki mai 1, da 18 a ɗa'a mai 1. In aka ninka, za a samu 24, 27, 30, 17 da 18. Jimilla 116 kenan, a raba da 10, mwayan ɗinsa 11,6.

A takarda yaron ya wuce, har uba zai iya sayen kaza. Amma a sake duba lambobin. A fannoni biyu mafi nauyi bai kai rabi ba. In aka cire motsa jiki da ɗa'a, abin da ya rage 81 ne a raba da 8, wato 10 da ɗan ɗoriya. Ranar birbe babu makin ɗa'a da zai tallafe shi. Wannan ne ya sa diraktan zai iya kiran uba alhali ɗansa na da 11, kuma a ganinmu diraktan da ya yi hakan ya kyauta. Idan bultan ya zo hannunku, kar ido ya tsaya kan lambar ƙasa kaɗai. A hau sama a duba lissafi da Faransanci tukuna, sannan a duba mwayan na wanda ya zo na ɗaya da na wanda ya zo na ƙarshe, tun da yawancin takardun suna ɗauke da su. Sha biyu a ajin da na ɗaya ke da 13 daban take da sha biyu a ajin da na ɗaya ke da 18.

Ɗa'a da darasin addini

A makarantu da dama ɗa'a na da makinta cikin bultan, kuma ragewa ake yi daga sama: makara, fashi ba hujja, faɗa, satar amsa, ko zuwa da salula inda aka hana. Makarantun Mishan sun yi suna wajen tsanani a nan. Yaro zai iya zama haziƙi amma ya rasa yabo saboda hali, kuma sau da yawa nan amsar uwar da ɗiyarta ta zo ta uku ba a kira ta ba take.

Game da addini, koyarwar coci ba ta cikin fannonin jarrabawar ƙasa. A makarantun Katolika ɗiyan Kirista ne ke zuwa katishizim. Wasu makarantun Furotestan kuma suna da darasin Littafi Mai Tsarki ko addu'ar safe cikin tsarinsu. Tun ranar rajista ya dace uba ya tambaya ko darasin dole ne ga kowa, ko kuma makinsa na shiga cikin mwayan. Makaranta ta gari za ta ba da amsa a rubuce cikin dokokinta na cikin gida, waɗanda uwaye ke sa wa hannu, ko da yake mun san yawancinmu ba mu karantawa.

Yabo, gargaɗi da korar ɗalibi

A ƙarshen zango malaman aji sukan zauna tare da shugabannin makaranta su bi sunayen yara ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan zama ne yabo ke fitowa, hawa uku. Na farko shi ne shiga allon girmamawa, tableau d'honneur da Faransanci. Sama da shi akwai ƙarfafa gwiwa, sannan jinjina wadda ita ce ƙololuwa. Makarantu da yawa na sa iyakokin a 12, 14 da 16, amma kowace na da ikon tsara nata. A ɗaya gefen kuma akwai gargaɗi, sai tsawatarwa mai tsanani, ko dai kan rashin ƙoƙari ko kan hali. A ƙarshen shekara zaman ne ke yanke wanda zai wuce, da wanda zai maimaita aji, da wanda za a sallama.

Ranar rabon kyauta kowa ya san ta: littattafai, jakar makaranta, takardar yabo, wani wurin har a rage wa na ɗaya kuɗin lakwal na baɗi. Muna ganin makarantun da ke ware kyauta ga yaron da ya fi kowa ci gaba sun fi fahimtar aikinsu. Wanda ya tashi daga 7 ya kai 11 ya yi aikin da ya fi na wanda ya zauna kan 15 tun farkon shekara, amma in ba a yi masa tanadi ba, ba zai taɓa jin an kira sunansa ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma ya shafi makarantu masu zaman kansu gaba ɗaya, na Mishan da waɗanda ba na Mishan ba. Idan makaranta ta yi shelar cewa kusan duk ɗalibanta sun ci birbe ko bak, a tambaya yara nawa suka shiga ajin farko, nawa kuma suka kai ajin jarrabawa. Makarantar da ke sallamar duk mai rauni kafin shekarar ƙarshe, ko ta tura shi ya yi rajista a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, dole sakamakonta ya yi kyau. Wanda aka sallama kuwa uwayensa ne za su shiga neman wata makaranta ana gab da komawa karatu, bayan sun zuba kuɗin shekara uku.

Idan yaro zai canza tsari

A bak, daga 10 zuwa ƙasa da 12 cin jarrabawa ne kawai, 12 ta ɗan yi kyau, 14 ta yi kyau, 16 zuwa sama ta yi kyau ƙwarai. Malamanmu da wuya su ba da 18 ko 19 a rubutun Faransanci ko falsafa, don haka 14 a nan babban maki ne.

Ba haka abin yake ba a tsarin Amurka, wanda makarantun Mishan masu koyarwa da Ingilishi suka fi karkata gare shi. A Yamai akwai Sahel Academy, wadda SIM ta kafa a 1986 musamman don ɗiyan ma'aikatan Mishan. A tsarin Amurka bisa 100 ake lissafi a mayar da shi harafi. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne A daga 90, B daga 80, C daga 70, D daga 60, ƙasa da haka F, wato faɗuwa. Kowane harafi na da ƙima, A tana da 4, B tana da 3, har ƙasa, kuma da su ake fitar da matsakaicin da jami'o'i ke dubawa. Kenan rabi, wanda ke wuce da yaro a wurinmu, faɗuwa ne a can. Haka kuma in aka ɗauki 16 bisa 20 aka ninka da biyar kai tsaye za a samu 80, gwarzon aji ya koma mai B. Shi ya sa masu tantance takardu ba sa yin wannan lissafin, suna da jadawalin da suke bi.

Ga ƴan Maraɗi da Damagaram masu kai ɗiyansu Najeriya, jarrabawar WAEC na tafiya daga A1 zuwa F9, kuma abin da jami'o'in can ke nema shi ne aƙalla C6 a fannoni biyar, ciki har da Ingilishi da lissafi. A can babu mwayan da wani fanni zai rufa wa wani asiri. Duk mai shirin canza wa ɗansa makaranta ya karɓi bultan na duk shekarun da ya yi, masu ɗauke da hatimi da sa hannun diraktan, tare da takardar shaidar karatu, kafin a tafi hutun damina ofisoshi su rufe.