Labarin Laya A Ƙasar Gwandu, Da Hatimin Da Ya Taso Daga Birnin Sin

Kowane ɗan ƙasar Gwandu ya san laya tun bai san kansa ba. Jariri bai yi arba'in ba za ka ga an rataya masa ita a wuya. Mai doki ya ɗaura wa dokinsa, falke ya cusa tasa cikin lalita, mai sabon ɗaki ya maƙala a bisa ƙofa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa farke laya suka ga abin da ke ciki, domin tun muna yara a ke gaya mana wai in an buɗe ta ta karye. To, yau za mu farke guda ɗaya a gaban masu karatu, mu bi sawunta mu ga inda ta fito.

In ka yanke ɗinkin baduku ka warware zaren, abin da za ka tarar takarda ce an naɗe ta ƙanƙane. A sama akwai Bisimilla da wata aya ko sunayen Allah, a ƙasa kuwa sau da yawa akwai wani zane mai ɗaki tara, uku a tsaye uku a kwance. Shi ne malamai ke kira hatimi. A layin sama an sa 4 da 9 da 2, a na tsakiya 3 da 5 da 7, a na ƙasa 8 da 1 da 6. Mai karatu ya gwada da kansa. Ko ta ina ka haɗa uku, a tsaye ko a kwance ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu, ba ƙari ba ragi. In kuwa ka tara dukkan ɗakunan, 45 ke nan.

Malaman hisabi sun ga abin mamaki a nan. Ga lissafin abajada kowane harafin Larabci yana da adadinsa. Haruffan sunan Adamu, watau alif da dal da mim, in an tara su 45 ne. Na Hauwa'u kuwa 15. Ashe uban mutane da uwarsu duk suna zaune cikin ɗaki tara! Sa'an nan ka duba kusurwoyi huɗu, inda 2 da 4 da 6 da 8 su ke. In ka mayar da su haruffa sai ka sami ba, da dal, da wau, da ha ƙarami, a karanta su a haɗe su ba da "buduh". Da wannan suna Larabawa suka san hatimin, har a Masar a da a kan rubuta shi a bayan wasiƙa don ta isa hannun mai ita lafiya. Mu kuma nan muna da laya wadda a ke kira baduhu, wadda a ke cewa mai ita ya kan ɓace wa abokan gaba. Jama'a sun ɗauka daga duhu sunan ya fito. Mu dai a ganinmu kamar da ke tsakanin sunayen nan biyu ta yi yawa a ce katari ne kawai.

Waɗanda suka riga kowa rubuta wannan hatimi su ne mutanen Sin. Ga tatsuniyarsu, wai a zamanin wani sarkinsu na farko mai suna Yu ruwa ya yi ambaliya ya ci ƙasa, sai wani kunkuru ya fito daga kogin Lo da ɗige-ɗige a bayansa, aka ƙidaya aka ga adadin nan tara a jere. Wannan zancen baka ne. Amma jerin lambobin kansa yana cikin wani littafinsu na ladubban fada wanda ya kai shekara wajen dubu biyu. Suka ɗauke shi hoton duniya: biyar a tsakiya ita ce mazaunin sarki, sauran takwas su ne kusurwoyin ƙasa. Har yanzu masu duba musu wurin gina gida da wurin haƙa kabari da shi su ke aiki.

Hausawa in suna son su kwatanta wuri mai nisa sai su ce Birnin Sin. Ga shi kuwa al'adarsu a wannan fanni ta yi kusa da tamu har abin ya ba mu dariya. Malaman addinin Tawo su kan rubuta laya da jan tawada bisa rawayar takarda, a manna a ƙofa, ko a rataya a jiki, ko kuwa a ƙone ta a zuba tokar cikin ruwa majinyaci ya sha. Wane ne cikinmu bai sha rubutu ba? Da irin wannan ruwa wani mutum mai suna Jang Juwe ya riƙa yi wa talakawa magani har ya tara jama'a, ya tayar wa sarkin Sin da tawaye cikin shekara ta 184, tawayen da a ke kira na masu rawayen rawani. Wajen neman arziki kuwa su kan tsire tsofaffin kuɗinsu na tagulla masu huda a tsakiya da jan zare su rataya. In sabuwar shekara ta zo su manna harafin da ke nufin albarka a ƙofa, amma a kife, domin a harshensu "ya kife" da "ya iso" kusan lafazinsu ɗaya. Har jemage, wanda mu ba mu ɗauke shi bakin kome ba, su alamar sa'a ne gare su, don sunansa ya yi daidai da sunan albarka.

A hannun Musulmi hatimin ya fara bayyana ne cikin littattafan magani. Wani likita, Aliyu bin Rabban al-Ɗabari, ya kawo shi wajen shekara ta 850 a kan maganin doguwar naƙuda. Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, shi ma ya ambace shi a kan wannan aiki, shi ya sa har gobe waɗansu ke ce masa hatimin Gazali. Daga baya Ahmadu al-Buni, mutumin ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya tattara ilmin haruffa da hatimai, littafin Shamsul Ma'arifi da a ke jingina masa ya bi raƙuma ya ƙetaro hamada.

Kada mai karatu ya zaci mu masu karɓa ne kurum. Wani malamin Katsina, Muhammadu bin Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya tafi hajji, cikin 1732 ya rubuta littafi a kan yadda a ke gina hatimai masu ɗaki uku-uku, da biyar-biyar, da bakwai-bakwai, har gaba. Ya zauna Alƙahira yana karantarwa, ya rasu can cikin 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin mai tarihin Masar. Masana lissafi na ƙasashen Turai har yanzu suna ambatonsa, mu kuwa da wuya ka sami ɗan makaranta a Katsina ko Gwandu da ya ji sunansa.

To, sai mu komo gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun sauka Gwandu cikin 1805, shekarar da ƙanensa Malam Abdullahi ya ci Birnin Kabi, shekarar kuma da aka sha wuya a yaƙin Alwasa. Da aka raba ƙasa cikin 1812 yamma ta faɗo hannun Abdullahi, daga baya ya tare Gwandu, nan ya rasu cikin 1829, Allah ya ji ƙansa. Mutane da yawa yau suna zaton masu jihadi sun hana laya ƙwata-ƙwata. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne sun raba ta kashi biyu. Risala ta Ibn Abi Zaidi, wadda kowane almajirin fiƙihu a ƙasar nan ke bi ta kanta, ta ce babu laifi a rataya abin tsari in Alƙur'ani ne a ciki. Abin da Shehu ya yi wa kakkausan hani cikin Nurul Albabi shi ne aikin miyagun malamai masu rubuta ayoyi da sunayen Allah da jinin yanka, ko bisa ƙashin matattu da sauran ƙazanta, da masu buga ƙasa suna da'awar sanin gaibu. Watau rigimar a kan abin da ke cikin fatar ta ke, da wanda zuciyar mai ratayawa ta dogara gare shi.

Amma faɗa a littafi daban, hali na zamani daban. Bayan Abdullahi ƙasar Gwandu ba ta daɗe cikin kwanciyar rai ba. Cikin 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabawa daga Argungu, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka bi shi. Tun daga ran nan har zuwan Turawa, in ka ɗebe 'yan shekarun nan na Lafiyar Toga, yaƙi a ke yi. Sa'ad da Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Gwandu cikin 1853 zamanin Sarki Halilu, ya tarar da gari cike da malamai da littattafai, har nan ya sami Tarihin Sudan na Assa'adi ya kwafi abin da ya iya, amma ya tarar da tsoron harin Kabawa ko'ina. Cikin 1860 Kabawa suka kashe Sarkin Gwandu Haliru a fagen fama, magajinsa Aliyu ya koma Ambursa da zama don ya tsare iyaka. Garuruwan da ke bakin fadama, irin su Kalgo da ke kan hanyar Birnin Kabi zuwa Jega, sun kwana sun tashi cikin wannan hali shekara da shekaru. Manomi zai fita gona bai sani ba ko zai kwana gida ko zai kwana a igiya.

A irin wannan zamani kasuwar laya ta kan ci. Jarumi ya ɗaura guru a ƙugu, kambu a dantse, ya sa riga wadda layu suka rufe ta gaba da baya. Ga sagau, wanda a ke cewa ya kan sandarar da hannun mai sara. Ga kau-da-bara mai karkatar da kibiya, ga maganin ƙarfe, ga layar zana. Abin lura kuwa, Kabawa Musulmi ne, malamai gare su kamar yadda Gwandu ke da su. Saboda haka sau da yawa aya ɗaya da hatimi ɗaya ne ke ƙirjin mai harbi da ƙirjin wanda a ke harbi.

Wajen neman dukiya kuma fataken Gwanja su ne manyan masu ciniki. Jega kasuwa ce babba a kan hanyar goro, kowane ayari kuwa ban da madugu da jagaba da uban dawaki yana da malaminsa, mai zaɓen ranar tashi, mai rubuta tsarin hanya da na kasuwa. Kuma laya kanta haja ce. Takardar da a ke rubutu a kai, mai alamar wata uku, a wancan zamani daga Italiya a ke kawo ta ta hanyar Tarabulus da Masar, tawada ta gawayi da ƙaro, fata kuwa ta jar akuyarmu. Sarakunan Asante, ko da ya ke ba Musulmi ba ne, sun riƙa biyan malamai dukiya mai yawa a kan rigunan layu na yaƙi, kamar yadda Bowdich ya gani a Kumasi cikin 1817. Akwai ma wani ƙunshin takardun Larabci daga Kumasi da ke ajiye yanzu a ɗakin littattafan sarkin Danmak, mafi yawansu layu ne da hatimai. Sha'awar rubutu ta kai har Mungo Park, Kirista, da ya sauka Kulikoro cikin 1796, mai masaukinsa ya miƙa masa allo ya ce ya rubuta masa tsari daga miyagun mutane. Ya cika allon ciki da baya, mutumin ya wanke ya shanye, ya bi allon da lasa har ya bushe.

Ranar da laya ta gamu da bindiga mai ruwa ita ce ranar baƙin ciki, a can da nan. Cikin 1900 waɗansu samarin ƙauye a Sin, waɗanda Turawa suka sa wa suna 'Yan Dambe, suka haɗiyi layu suka yarda harsashi ba ya cinsu, suka kewaye unguwar jakadun Turawa a Bejin kwana 55, kafin rundunar ƙasashe takwas ta zo ta murƙushe su. Bayan shekara shida, ran 14 ga Fabrairu 1906, mutanen Satiru kusa da Sakkwato, tare da wani makahon malami da ya gudo daga ƙasar Faransa, Shu'aibu Ɗan Makaho, suka far wa sojan doki da gatura da fartanya da baka, suka kashe Turawa uku. Wannan nasara ta ƙara musu yarda cewa akwai abin da ke tsaronsu. Ran 10 ga Maris aka komo musu da manyan bindigogi, aka kashe su da yawan gaske, aka rushe garin, har yau kufai ne. Tartsatsin ya faɗo Gwandu. Turawa suka zargi Sarki Muhammadu Bashiru da goyon bayansu, suka tuɓe shi, suka naɗa Haliru, tun daga lokacin kuma Sarkin Gwandu ke zaune a Birnin Kabi.

Gardamar da Shehu ya taɓo ba ta mutu ba. Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya rasu cikin 1992, da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos cikin 1978, sun tsananta fiye da Risala, suka yi wa rataya laya wa'azi mai zafi, har samari da yawa suka tsinke nasu. Malaman ɗariƙa kuma suka tsaya a kan abin da suka gada. Da fashin daji ya addabi ƙasashen Zamfara da Sakkwato da Kabi a shekarun nan, sai ga guru da kambu sun sake fitowa fili a jikin 'yan banga da mafarauta, har a kan ji labarin wanda ya tsaya a gwada maganin bindiga a kansa aka ɗauki gawarsa. A Kalgo kuwa, inda aka gina mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi wadda aka kafa cikin 2013, ɗaliban lissafi suna koyon irin wannan jeri na lambobi daga littattafan Turanci, ga dukawa a kasuwa suna ɗinke shi cikin jar fata.