Masu ƙamus da mutanen da suka ba su Hausar

James Frederick Schön, Bajamushen ɗan mishan da ya fara tattara kalmomin Hausa cikin littafi da haruffan boko, bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ya biyo ayarin Turawan da suka shigo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya tsinci abin da ya tsinta a bakin Hausawan da bauta ta raba da gida, ya fitar da ɗan littafinsa a 1843. Babban ƙamusunsa sai 1876 ya fito, kuma ba don wani yaro mai suna Dorugu ba, da wuya aikin ya yi armashi.

Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne, a Nijar ta yau. An kama shi bawa tun yana ƙarami, Adolf Overweg ya 'yanta shi, daga baya ya bi Heinrich Barth har Timbuktu, suka sauka Ingila a 1855. Can ya zauna gidan Schön yana ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, Baturen yana rubutawa. Daga wannan hira aka sami kaso mai tsoka na littafin Magana Hausa na 1885. Schön ya sami lambar yabo ta Volney daga Faransa, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Shi kuwa Dorugu ya dawo gida, ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Ɗalibai nawa ne a sashen Hausa na jami'o'inmu za su iya faɗin garin da aka haife shi?

Haka abin ya ci gaba. Charles Henry Robinson ya zo Kano a 1894, ya buga nasa ƙamusun a Cambridge tsakanin 1899 da 1900. A Kete-Krachi ta ƙasar Gana ta yau kuwa, Adam Mischlich, jami'in mulkin Jamus, ya yi zaman ɗalibi gaban Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano mai waƙoƙi da rubuce-rubucen ajami. Ƙamusun Mischlich na Hausa da Jamusanci ya fito a 1906.

Gagarabadan wannan sana'a shi ne G. P. Bargery. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora masa aikin a 1921, ya yi ta zagaya garuruwa yana sauraren karin harshen Sakkwato da Katsina da Kano da sauransu, ya fitar da ƙamusu mai kalmomi kusan 39,000 a 1934, da alamar karin sauti a jikin kalmomin. Har gobe duk wanda ke neman sunan wata ciyawa ko wani irin ɗinki da ya ɓace a kasuwa, wurin Bargery yake komawa. Amma kowace kalma a cikinsa wani maƙeri ne ko majemi ko mahauci ya furta ta. R. C. Abraham, wanda ya taɓa taya Bargery aiki, ya ɗan yi adalci a 1949, ya sa sunan Malam Mai Kano kusa da nasa a jikin ƙamusun da ya fitar. Bugu na biyu na 1962 da sunan Abraham kaɗai aka san shi.

Juya akalar daga Turanci zuwa Hausa ya fi wuya, domin nan ne mai ƙamus ba shi da mafita sai ya nemi ɗan harshe. Ɗauki kalmar famously. Idan ana maganar wani furuci na shugaba, ma'anarta ita ce maganar ta shahara, kowa ya san ya faɗa. Idan kuma mutum biyu ne ake cewa suna zaune famously, nufin shi ne jininsu ya haɗu, shahara ba ta shigo ba sam. Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki duka biyun, sai an sake gina jimlar. Irin wannan ƙalubale Neil Skinner ya tunkara a Kamus na Turanci da Hausa na 1965, haka ma Roxana Ma Newman a nata na 1990, wanda ya cika da misalan jimloli.

An shafe sama da shekara 160 daga littafin Schön na farko kafin Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa. Ya kamata masu tsara manhajar Hausa su sa tarihin Dorugu da Alhaji Umaru da Malam Mai Kano a darasin da ake koyar da Bargery.